Hasken Eksire da Ya Lulluɓe Sama da Baƙaƙen Ramukan da Ke Bayansa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da masu sha'awar ilimin sararin samaniya ke yawan maimaitawa idan aka zo batun hasken eksire (X-ray, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti) da ke iso mana daga kowace kusurwa ta sama. An faro daga tushe aka gangaro zuwa masu zurfi, amma kowace amsa tana tsaye da ƙafarta.

Mece ce wannan shimfiɗar hasken eksire da ake magana a kai?

Da idon ɗan Adam yana ganin eksire, da ba zai ga sama baƙi ƙirin da dare ba. Zai ga wani haske dishi-dishi a shimfiɗe ko'ina, gabas da yamma, kudu da arewa, kusan da ƙarfi ɗaya. Shi ake kira shimfiɗar eksire ta sararin samaniya. Ba ma ganin ta daga doron ƙasa domin iskar da ta kewaye duniya tana shanye eksire tun kafin ya sauko, sai an ɗora na'ura a kan roka ko tauraron ɗan Adam.

Ana auna ƙarfin ƙwayar hasken eksire da ma'aunin keV. Ƙwaya mai keV 1 ta fi ƙwayar hasken da ido ke gani ƙarfi kusan sau 500. Shimfiɗar ta faro daga ƙasa da keV 1 har ta haura keV 100, kuma ta fi kauri a wajajen keV 30. A riƙe wannan lamba ta 30, domin duk rigimar da ta rage a wannan fanni a nan take.

Wa ya gano ta, kuma yaushe?

A watan Yuni na 1962 Riccardo Giacconi, Herbert Gursky, Frank Paolini da Bruno Rossi suka harba wata ƙaramar roka daga White Sands a jihar New Mexico ta Amurka. Abin da suka fita nema shi ne eksire daga Wata. Rokar ta yi ƙasa da minti shida a saman iska, ba ta ga Wata ba, amma ta dawo da abubuwa biyu: wani tushe mai tsananin haske da aka raɗa wa suna Scorpius X-1, da kuma wani haske da na'urar ta yi ta ƙirgawa duk inda ta juya. Giacconi ya samu lambar yabo ta Nobel a 2002. Tauraron ɗan Adam na farko da aka keɓe wa eksire, Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1970.

Ta yaya aka san daga nesa hasken yake zuwa, ba na'urar ce ke ƙirga hayaniyar kanta ba?

Hujja ta farko ita ce daidaitonsa. Garken taurarinmu, wato galaksin da muke ciki, shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, don haka duk abin da ke fitowa daga cikinsa yakan taru a layi guda a sama. Eksire mai ƙarfin da ya haura keV 2 bai bi wannan layi ba, ya bazu daidai wa daida. Ke nan daga wajen garkenmu yake.

Hujjar da ta fi shiga rai kuwa hoto ce. A 1990 tauraron ROSAT na Jamus ya juya ya kalli Wata. Ɓangaren da rana ke haskawa ya fito fes, yana mayar da eksiren rana. Ɓangaren da ke cikin duhu kuma sai ya fito ya fi saman da ke kewaye da shi duhu: ɗigo-ɗigon haske sun cika gefe da gefe, amma inda jikin Wata yake sun yi ƙaranci ƙwarai. Wata ya tare wani haske da ke zuwa daga bayansa. A 2006 an maimaita wannan dabara da tauraron INTEGRAL, aka bar duniyarmu ta gitta gabansa, aka auna yawan hasken da ta tare.

Wannan shimfiɗar eksire ita ce hasken da ya rage tun farkon halittar sararin samaniya?

A'a. Wancan hasken maikurowef ne, Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da labarinsa a 1965, kuma shi da gaske shimfiɗa ce guda wadda ba ta rarrabuwa. Ta eksire ta riga shi bayyana ga masana da shekara uku, kuma tarin tushe ne masu ɗimbin yawa da suka haɗu suka zama kamar abu ɗaya, yadda mai tahowa da dare ke hango babban birni a matsayin haske guda, sai ya matso ya ga fitilu ne ɗai-ɗai. Sai dai hasken maikurowef ya taka rawa wajen warware asalin na eksire, kamar yadda za a gani a amsar tambayar iskar gas mai zafi.

Baƙin rami ba ya barin haske ya fita. To ina eksiren ke fitowa?

Daga abin da ke kan hanyar faɗawa, ba daga cikin ramin ba. A tsakiyar kusan kowane babban garken taurari akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Idan iskar gas ta kwararo masa, ba ta faɗawa kai tsaye, sai ta yi ta kewayawa ta zama faifai, tana gogayya tana zafi. Irin wannan cibiya ita ake kira cibiya mai ci. Carl Seyfert ya bayyana wasu daga cikinsu a 1943, kuma a 1963 Maarten Schmidt ya nuna cewa 3C 273, wadda ake ɗauka tauraruwa ce, kwasa ce mai nisan gaske, wato cibiya mai ci da haskenta ya danne na dukkan garkenta.

Shi faifan bai kai zafin da zai ba da eksire mai yawa ba, mafi yawan haskensa na altarabayolet ne. Amma dab da ramin akwai wani kambi na ilektaron masu zafin kusan digiri biliyan ɗaya. Ƙwayoyin hasken faifai suna shiga cikinsa, su yi ta karo da ilektaron, kowane karo yana ƙara musu ƙarfi, har su fito a matsayin eksire. Wani kaso na wannan eksire yana komawa ya bugi faifan ya dawo, kuma dawowar tana barin alamu biyu: layin baƙin ƙarfe a keV 6.4, wato ƙarin hasken da sinadarin baƙin ƙarfe ke fitarwa a daidai wannan ƙarfi, da wani tudu, wato yawaitar haske, tsakanin keV 20 zuwa 30. Kambin ƙarami ne sosai, shi ya sa haskensa kan sauya cikin sa'o'i.

Idan aka ce cibiya “dusasshiya” ce, me ake nufi?

Abu uku daban-daban, kuma haɗa su wuri guda ne ke rikitar da masu karatu da yawa. Akwai wadda take ci sosai amma tana da nisa, hasken ya raunana a hanya. Akwai wadda take ci sosai amma ƙura da iskar gas sun lulluɓe ta, sai kaɗan ke tsallakowa. Akwai kuma wadda da gaske ba ta samun abin ci, ko tana samu amma ba ta iya mayar da shi haske. A hoto duka ukun ɗigo ne mara ƙarfi. Sai an auna nisa, an duba yadda hasken ya rabu a matakan ƙarfi, sannan a san wace ce wace. Na farko da na biyu su ne suka ɗauki nauyin shimfiɗar. Na uku sun fi kowa yawa amma gudummawarsu kaɗan ce, kuma suna da tambayarsu a ƙasa.

Me ya sa aka daɗe ana zaton iskar gas ce mai zafi ta cika sararin samaniya?

Domin awon ya nuna kamar haka ne. Tauraron HEAO-1 da aka harba a 1977 ya auna shimfiɗar daga keV 3 zuwa 50, sai siffarta ta dace ƙwarai da hasken da siririyar iskar gas mai zafin sama da digiri miliyan 400 za ta fitar. A ɗaya gefen kuma, cibiyoyi masu ci da aka sani a lokacin ba su yi kama da shimfiɗar ba. Nasu hasken ya fi yawa a ƙaramin ƙarfi, yana raguwa da sauri idan aka hau sama, alhali shimfiɗar tana riƙe ƙarfinta. A lissafin masana, gangaren cibiyoyin, wato lambar da ke nuna saurin wannan raguwa, yana wajen 1.7 zuwa 1.9, na shimfiɗar kuwa 1.4. Duk yawan cibiyoyin da aka tara masu gangaren 1.9, ba za su taɓa ba da 1.4 ba.

Tauraron COBE ne ya kashe maganar iskar gas a farkon shekarun 1990. Da akwai irin wannan iska mai zafi tsakanin garkunan taurari, da ilektaron ɗinta sun jirkita hasken maikurowef da ke ratsa ta. COBE ya auna shi ya same shi sumul, babu jirkitar. Dole aka koma ga tushe ɗai-ɗai, da kuma tambayar ina waɗanda suka dace suka ɓuya.

Ta yaya ɓoyayyun cibiyoyi suka warware wannan saɓani?

A 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller sun duba garken NGC 1068 ta hasken da ya bugi wani abu ya karkato, suka ga alamun cibiya mai ci sosai wadda ba a gani kai tsaye. Daga nan aka fahimci cewa ramin da faifansa suna zaune cikin wani kaurin gammo na ƙura da iskar gas. Wanda ya leƙo ta bakin gammon zai ga komai, wanda ya kallo ta gefe kuwa an tare masa.

A 1989 Giancarlo Setti da Lodewijk Woltjer suka ɗauki wannan suka ɗora a kan matsalar eksire. Iskar gas ta fi shanye rarraunan eksire, ƙaƙƙarfan yana ratsa ta. Saboda haka cibiyar da aka lulluɓe tana rasa haskenta na ƙasa da keV 2, ko 5, ko ma 10, gwargwadon kaurin lulluɓin, na sama kuma ya wuce. Idan aka tara buɗaɗɗu da ɓoyayyu masu kauri iri-iri, a nisa iri-iri, jimillar tana ba da gangaren 1.4 da kuma tudun keV 30. Andrea Comastri da abokan aikinsa sun fitar da cikakken lissafin a 1995, Roberto Gilli da Comastri da Günther Hasinger suka sabunta shi a 2007. Abin burgewa a nan shi ne, lissafin ya faɗi cewa mafi yawan cibiyoyi masu ci a ɓoye suke tun kafin a samu na'urar da za ta gan su.

Zuwa yanzu kashi nawa na shimfiɗar aka rarrabe zuwa tushe ɗai-ɗai?

Ya danganta da ƙarfin da ake magana a kai. ROSAT ya zura ido a wani yanki da ake kira Ramin Lockman, inda iskar garkenmu ta fi siranta, ya rarrabe kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na rarraunan eksire. A 1999 aka harba Chandra na hukumar NASA a watan Yuli, da XMM-Newton na Turai a Disamba. Da su aka kai kashi 80 zuwa 90 a ƙasa da keV 8 ko makamancin haka. Sama da keV 10 kuwa labarin ya sha bamban, duba tambaya ta gaba.

Ya kamata a ga yadda aikin yake a kusa. Chandra ya kalli wani ɗan fili a rukunin taurarin Fornax, wanda bai kai faɗin cikakken Wata ba, ya yi ta komawa kansa shekara da shekaru har jimillar kallon ta kai daƙiƙa miliyan 7, kimanin kwana 81. Jerin da aka fitar a 2017 yana da tushe 1,008, kusan kashi 70 cikin ɗari cibiyoyi ne masu ci. Mafi dusashewarsu suna aiko da ƙwayar haske ɗaya tak a cikin kusan kwana goma. Ƙwayoyi 'yan kaɗan da suka faɗo wuri guda a kan na'urar, ɗaya a wannan mako, wata bayan wata guda, su ne dukkan shaidar da ake da ita cewa akwai baƙin rami yana ci a can. In aka ɗauki cunkoson tsakiyar filin aka shimfiɗa shi a dukkan sama, za a samu cibiyoyi masu ci kusan biliyan ɗaya.

Me ya sa wajajen keV 30, inda shimfiɗar ta fi kauri, suka gagara?

Matsalar madubi ce. Eksire ba ya dawowa daga madubi idan ya buge shi gaba da gaba, ratsawa yake yi ko a shanye shi. Sai ya zo a kwance, ya shafi fuskar madubin da kusurwar da ba ta wuce digiri ɗaya ba. Shi ya sa madubban Chandra suke kamar bututu cikin bututu. Kuma duk yadda ƙarfin ƙwayar ya ƙaru, kusurwar sai ta ƙara tsukewa, har ya zama sama da keV 10 madubin Chandra ba ya kama komai. Na'urori irin su Swift da INTEGRAL sun kalli wannan yanki ba tare da madubi mai tattara haske ba, kuma abin da suka rarrabe bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba.

NuSTAR, da aka harba a Yuni 2012 ƙarƙashin jagorancin Fiona Harrison, shi ne ya fara tattara eksire har zuwa keV 79, da madubbai masu rufi hawa-hawa a ƙarshen wata sanda mai tsawon mita 10. Ya kai kusan kashi 35 cikin ɗari tsakanin keV 8 da 24. Babban ci gaba ne, amma kusan kashi biyu cikin uku ke nan har yanzu ba a gan su ɗai-ɗai ba, kuma daidai kan tudun ma abin ya fi haka.

Su waye “masu kaurin Compton”, kuma ta yaya ake gane abin da ba ya nuna kansa?

Su ne waɗanda lulluɓinsu ya kai matuƙa: kwatankwacin ƙwayoyin haidurojin 1.5 × 10²⁴ a kan kowane murabba'in santimita na hanyar da hasken zai bi. A wannan kauri, ƙaƙƙarfan eksiren ma yana karo da ilektaron ya watse, abin da ake kira watsuwar Compton. Abin da ke isowa galibi wanda ya bugi bangon gammon ne ya karkato, don haka alamar da ake nema ita ce layin baƙin ƙarfe na keV 6.4 ya fito zaƙwai a kan haske mara ƙarfi, tare da tudun da aka ambata a amsar asalin eksiren. Hanya ta biyu ita ce infrared, wato hasken ɗumi da ido ba ya gani: ƙurar da ta shanye hasken tana ɗumama, ta sake fitar da shi. Cibiyar da ke haskawa sosai a infrared amma ta yi shiru a eksire abar zargi ce.

Ba su da wuyar samu a maƙwabtanmu. Cikin cibiyoyi uku masu ci sosai da suka fi kusa da mu, wato Centaurus A, NGC 4945 da garken Circinus, biyun ƙarshe masu kaurin Compton ne. NGC 1068 ma haka take, kuma a 2022 cibiyar IceCube da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika ta ba da shaidar ƙwayoyin nutirino daga wajenta, waɗanda babu lulluɓin da ke tare su. Amma yawansu a nesa har yanzu ana jayayya. Wasu lissafe-lissafen suna ba su kusan kashi 10 cikin ɗari na tudun keV 30, wasu kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili kuwa shi ne ana iya cike tudun ta hanya biyu: a ƙara yawan masu kaurin Compton, ko a ƙara yawan hasken da ke dawowa daga faifan sauran cibiyoyi. Siffar shimfiɗar ita kaɗai ba za ta raba gardamar ba.

Baƙin ramin da ke tsakiyar garkenmu yana cikin masu ba da wannan haske?

Kusan ba ya ciki. Sagittarius A* yana da nauyin rana kusan miliyan 4, yana nisan shekarun haske kimanin 26,000, amma eksirensa a ranar da yake kwance bai wuce jimillar hasken rana ɗaya ba. Ba rashin iskar gas ne kawai ba. Idan abin da ke shigowa ya yi kaɗan, ba ya zama siririn faifai, sai ya kumbura ya yi zafi ya kasa fitar da zafin a matsayin haske, yawancinsa kuma a fesar da shi waje. Ramesh Narayan da Insu Yi sun yi bayanin irin wannan kwarara a 1994, kuma kallon da Chandra ya yi ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na iskar da ramin ya kamo ne ke isa bakinsa.

Yakan yi walƙiya kusan sau ɗaya a rana, kuma a Satumba 2013 an ga wadda ta ninka haskensa sau 400. Gajimaren iskar gas da ke kusa da shi ma suna haskawa a keV 6.4, abin da ake fassarawa da amsa-kuwwar wata babbar tashi da ya yi ƙarnuka kaɗan da suka wuce. Darasin da wannan ke bai wa masu nazarin shimfiɗar shi ne, ci ba hali ne na dindindin ba. Garken da ke shiru yau mai yiwuwa ya zuba nasa kason a baya.

Daga wane zamani mafi yawan hasken ya taso?

Da farko an zaci manyan kwasa ne, waɗanda suka yi tashe kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. Da aka auna nisan tushen da Chandra da XMM-Newton suka tsinto, sai aka ga matsakaitan cibiyoyi ne suka fi ba da kaso, kuma nasu tashen ya zo daga baya, wajajen shekara biliyan 6 zuwa 8 da suka wuce. Manyan ramuka sun ci sun ƙoshi da wuri, ƙananan suka biyo baya. Yoshihiro Ueda da abokan aikinsa na cikin waɗanda suka nuna haka a 2003.

Wannan ne ya sa shimfiɗar take da daraja fiye da a ce wani haske ne kawai da ake son sanin asalinsa. Tun 1982 Andrzej Sołtan ya nuna cewa jimillar hasken da cibiyoyi suka taɓa fitarwa dole ta dace da jimillar nauyin ramukan da ke zaune yau a tsakiyar garkuna, idan kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da aka haɗiye ne ya zama haske. Duk cibiyar da ta ɓuya daga ƙidaya tana karkatar da wannan lissafi, shi ya sa tambayar masu kaurin Compton ba ƙaramar magana ba ce.

Duk ɗigon da ke cikin zurfafan hotunan baƙin rami ne?

A'a. Garkunan taurari na yau da kullum ma suna fitar da eksire, daga taurari 'yan biyu da ɗayansu ke zuƙar ɗan'uwansa, da kuma iskar gas mai zafi. A can ƙarshen abin da Chandra ke iya gani, yawansu yana kamo na cibiyoyi masu ci. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, tushen da eksirensa ya haura kwatankwacin hasken rana miliyan 260 ana ɗaukarsa cibiya, amma masu yunwa da masu kaurin lulluɓi suna faɗowa ƙasa da wannan layi su ɓace cikin sauran. A ƙasa da keV 1 kuma akwai hasken gida: kumfar iska mai zafi da ta kewaye ranarmu, da wanda iskar rana ke haifarwa idan ta gamu da ƙwayoyin gas.

To a iya cewa an gama da wannan matsala?

Ana yawan rubuta cewa an warware ta, kuma in ana nufin asalin hasken ne, gaskiya ne: cibiyoyi masu ci ne, yawancinsu a lulluɓe. Amma a ganina kalmar ta yi gaggawa. Inda aka rarrabe kashi 80 zuwa 90 ba nan ne ƙarfin shimfiɗar ya taru ba. A kan tudun keV 30 lissafi ne ke cike gurbin gani. Hatta jimillar hasken kanta, awon na'urori daban-daban yana saɓawa da kashi 10 zuwa 20, kuma wannan tazara ta isa ta ɓoye rukuni guda na cibiyoyi.

Na'urar eROSITA da aka harba a 2019 ta fitar da jerin tushe kusan 900,000 daga rabin sama a 2024, sama da 700,000 cibiyoyi ne masu ci, amma ƙarfinta a rarraunan eksire yake, inda ɓoyayyu ba sa fitowa. Madubin hangen nesa na James Webb kuma ya tono wasu ƙananan jajayen tushe a farkon zamanin sararin samaniya masu alamun baƙin rami mai ci, waɗanda galibinsu Chandra bai ga eksirensu ba ko da an tara hotunansu wuri guda. Ko lulluɓi ne mai kaurin gaske, ko kambinsu ne bai yi ƙarfi ba, ana kan muhawara. Tauraron eksire NewAthena na Turai, da ake shirin harbawa a ƙarshen shekarun 2030, zai zurfafa ƙwarai a ƙasa da keV 12. Tudun keV 30 kuwa yana buƙatar magajin NuSTAR mai madubin da ya fi nasa girma da kaifin gani, wanda zai ƙirga masu kaurin Compton ɗaya bayan ɗaya a nisan da mafi yawan hasken ya taso.